Hoto Ɗaya a Bakin Teku Ya Jawo Mini Kulle a Agege

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni 'yar Maraɗi ce, shekarata 24. Wata 14 ke nan da baban yara ya ɗauko mu zuwa Legas, muna zaune a Agege, ɗaki ɗaya da falo. Yana aiki a ƙarƙashin wani dillalin shanu a abbatuwar Oko-Oba, in ya fita bayan asuba sai bayan isha'i. Yaranmu biyu, namiji mai shekara 5 da mace mai shekara 2. Ba na jin Yarabanci, ba na jin Turanci, ɗan lakwal ɗin da na yi da Faransanci ne. Tun zuwanmu sau ɗaya muka fita. Kwana uku bayan babbar sallah abokinsa ya ɗauke mu a motarsa zuwa bakin teku a Lekki. Na yi murna, na ɗauki hotuna na sa a status. Ƙanwar mijina ta gani ta nuna wa Inna, mahaifiyarsu, ga shi a watan kuɗin da ya aika gida bai kai na kullum ba saboda haya. Inna ta kira shi ta ce muna can muna shan iska, su suna auna hatsi da gwangwani. Tun ranar ya ce ba fita, ba hoto. Babban yaron kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu koma wurin ruwan nan. Ni kuwa kuka nake yi in na zauna ni kaɗai, barci ma ya fara gagarata. Ina tunanin in ce ya mayar da ni gida. Ni ce da laifi?

Baƙuwa a Agege

Wa alaikumus salam 'yata.

Na karanta saƙonki sau biyu, a na biyun sai da na ajiye wayar na yi shiru, domin ɗakin da kike ciki na san shi. Ni ma da ƙuruciya aka kawo ni garin nan daga Katsina, na yi watanni ban san komai na Legas ba sai tagar ɗakina da muryar kwandastan da ke kiran Oshodi tun duku-duku. Ni a ƙasata nake ma a lokacin. Ke kuwa iyaka kika tsallako, kuɗin ba naku ba, harshen ba naki ba, hatta ruwan saman ba irin wanda kika sani ba ne.

Ba ki yi laifi ba da kika so ganin teku. Mace mai shekara 24 da ta taso a Maraɗi ta Nijar, ƙasar da ba ta da teku ko taku ɗaya, a kai ta gaban ruwan da ba a hango ƙarshensa sannan a ce kada ta yi murna? Wannan ba zai yiwu ba. Amma zan gaya miki abin da ya faru a yadda nake ganinsa: hotonki ya yi ƙarya, ba tare da kin nufa ba.

Ki zauna a tabarmar Inna ki kalli wayar da aka miƙo mata. Ga surukarta cikin ɗinkin sallah, ga jikokinta fes, ga mota a bayansu, ga ruwa shuɗi. Babu abin da zai gaya mata motar ta aro ce, ɗinkin shi ke nan guda ɗaya, fitar kuwa ita ce ta farko a cikin wata 14. Hoto ba ya ɗauko jarkokin da kike jira mai ruwa ya kawo, ba ya ɗauko daren da aka ɗauke wuta yara suka kwana suna juyi saboda zafi da sauro, ba ya ɗauko ɗanta yana dawowa da ƙarfe tara na dare da warin turke a jikinsa, ƙafa ta kumbura. Mutanen gida ta taga biyu kawai suke leƙen rayuwar wanda ke ƙasar waje: kuɗin da ya aiko da hoton da suka gani. Ranar da biyun nan suka saɓa, hoton za su gaskata. A watan da kuɗi ya ragu sai ga teku. Ko ni ce a wurinta, zuciyata za ta sosu.

Akwai kuma abin da nake zaton ba wanda ya zauna ya warware mata. Maigidanki naira yake samu, Inna kuwa da jikka take lissafi. Tun 2023 da aka saki naira ta faɗi, kuɗin da a da in an canza shi zuwa Sefa zai ba ta jikka goma, ya dawo bai kai rabin haka ba. A shekarar dai aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi a nan. Ma'ana ɗanta zai iya ƙara wahala, ya ƙara yawan nairar da yake turawa, ita kuma ta ga abin da ke isowa hannunta yana raguwa. Sannan maganar haya. A gida mutum yana iya girma ya tsufa a gidan gado bai taɓa biyan kuɗin ɗaki ba. A Legas mai gida kuɗin shekara cur yake karɓa a dunƙule, in sabon shiga ne ga na ejan ga na takardar yarjejeniya. In an ce wa tsohuwa "haya ce ta ci kuɗin", ita ɗan abin wata take zato. Ba ta san cewa guguwa ce da ke zuwa sau ɗaya a shekara ta share duk abin da aka tara ba.

Yanzu ga shi kansa baban yara. Kullen nan da ya sa miki, ban ga mugunta a ciki ba, kunya na gani. Mutumin da ya baro gida don ya rufa wa uwarsa asiri, sai ga uwar da bakinta ta ce yana shan iska tana auna hatsi. Wannan magana tana huda namiji har ƙashi. Ba zai iya mayar mata da martani ba, ba zai iya ƙara kuɗin ba, abin da hannunsa ya kai gare shi kawai shi ne ƙofar ɗakinki da wayarki. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban ce ya kyauta ba. Bai kyauta ba, kuma in zai karanta wannan ina so ya ji daga gare ni: mace da yara biyu a ɗaki ɗaya da falo, babu dangi, babu harshe, babu fita, wannan ba zaman aure ba ne, ajiya ce. Amma ke da kike son a buɗe ƙofar, ki san da wane makulli aka rufe ta.

Saboda haka kada ki fara masa da maganar fita. Ki fara da Inna. Ki bari ya dawo, ya yi wanka, ya ci abinci, yara sun yi barci, sannan ki ce masa wani abu kamar haka: "Baban yara, maganar Inna ta tsaya mini a rai. Ba na so a sake samun watan da rabonta zai ragu saboda mu. Mu duba yadda za a yi." Ki ga yadda fuskarsa za ta sauya, domin ya zaci kuka za ki kawo masa, sai ya tarar kin ɗauki gefen kayan da yake ɗauke da shi shi kaɗai. Dabarar kuwa ba wata mai wuya ba ce. A raba kuɗin hayar shekara gida 12, duk wata a cire kashi ɗaya a ajiye inda hannu ba zai kai ba, ko a zuba shi a adashin da kwasarsa za ta faɗo daidai da watan biya. Rabon Inna a yanke shi a tsaye, ko kaɗan ne, ya zama ta san ranarsa ta san adadinsa. Tsofaffi sun fi samun natsuwa da kaɗan mai zuwa kan kari fiye da mai yawa da ba a san ranarsa ba. Abin da ya rage daga cefane, 'yan canjin da ke dawowa daga wurin mai kayan miya, ki sami asusu ki riƙa jefawa. Wannan shi ne kuɗin ganin gari. Ranar da kuka fita da shi babu wanda aka tauye, kuma shi ma zai fita da zuciya wasai.

Sai ki kira Inna da kanki. Na san da nauyi, amma ki daure. Ki gaishe ta, ki ce, "Inna, na ji hoton nan ya ɓata miki rai, ki yafe mini, ƙuruciya ce." Ba wai don kin aikata zunubi ba, sai don ita uwa ce kuma ranta ya ɓaci ta dalilinki. Bayan kwana biyu ki sake kiranta, wannan karon kiran bidiyo, a ranar da ba sallah ba, da zanen da kike aiki da shi. Ki bar jikanta ya riƙe wayar ya zagaya da ita ya nuna mata ɗakinsu, inda ake girki, jarkokin ruwa, layin da ke cika da taɓo in an yi ruwa. Kada ki yi ƙorafi ko ɗaya, hira kawai. Gani ya kori ji. Idan ta riƙa ganin ranakunku na yau da kullum, ranar da ta ga ta teku za ta ajiye ta a mazauninta. Ƙanwar mijinki kuwa ki bar ta. Kada ki toshe ta, kada ki ɓoye mata status, domin irin wannan ɓoyon yana fitowa, kuma in ya fito ya fi na farko muni. Ki huta da sa hotuna a status na ɗan lokaci. In an fita, hoto ɗaya ya isa, a tura wa Inna kai tsaye kafin kowa, shi ɗanta ya tura da hannunsa.

To, bari mu zo kan fitar, domin ba na so ki ɗauka ganin gari sai Lekki, sai mota, sai kuɗin ƙofa.

Fitarki ta farko ba ta wuce tafiyar ƙafa ba. Kina zaune a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa na ƙasar Yarabawa ba ki sani ba. Tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano, fiye da shekara 100 da suka wuce, fatake suke sauka a Agege suna sayen goro suna lodawa Arewa, wasu suka yi zango suka zauna, har wurin ya ci sunan Zango. Akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatai, akwai jikokin jikoki da aka haifa a nan masu juya Hausa da Yarabanci kamar ruwa. 'Yan Nijar kuwa ba a magana, daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, ko'ina akwai. Ki roƙi baban yara ya sa ki a islamiyyar matan aure mafi kusa. Wannan ita ce buƙatar da ba na jin zai ƙi, kuma ita ce ƙofar sauran. A can za ki sami wadda za ta nuna miki inda ake sayen gero da kuka da daddawa ba a yi miki tsadar baƙo ba, wadda za ta gaya miki ranar Alhamis kada ki yi sammakon kasuwa don ana shara sai ƙarfe goma ake buɗewa, wadda za ta raka ki asibitin unguwa ranar rigakafi. Ki tafi da katin rigakafin ƙaramar, ko da na Nijar ne, ma'aikatan za su duba su ɗora daga inda aka tsaya.

Maƙwabtanki Yarabawa ma kada ki tsaya jiran sai kin iya harshensu. Bayarabe yana son gaisuwa kamar yadda muke so, ko ma fiye. "E karo" da safe, "e she" in an yi miki alheri, "elo ni" in za ki tambayi farashi. Da waɗannan ukun na fara. Wata dattijuwa da ke sayar da burodi a ƙofar gidanmu, ranar da na fara ce mata "e karo, Mama" tare da ɗan rusunawa, sai ta tashi tsaye ta rungume ni tana ta zuba magana ban ji ko ɗaya ba. Ita ce daga baya ta riƙe mini yaro ranar da naƙuda ta kama ni maigida ba ya nan.

Daga nan sai ki ɗaga kai sama. Jiragen da ke ratsawa ta kan rufinku suna sauka ne a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, nan kusa da ku. Yaro ɗan shekara 5 zai iya cin yamma guda yana ƙirga su. Akwai kuma jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ake kira Jan Layi, da ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Yana tasowa daga Agbado, ya tsaya a Agege, ya bi ta Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba har Oyingbo. Da katin Cowry ake shiga, katin da ake hawa bas ɗin BRT da shi. Baban yara ya leƙa tasha ya ga jadawalin tashinsa tukuna. Ku hau ku je ku dawo, ko ba ku sauka ko'ina ba. Ga yaro, zama kusa da taga yana kallon rufin kwano da kasuwanni da gadoji suna gudu baya, wannan kaɗai sallah ce. Kuma ku kun tsira daga cunkoson hanya da hayaniyar 'yan agbero, wato 'yan kamashon tasha. In kuna son wurin da yara za su yi gudu a kan ciyawa, akwai filayen shaƙatawa na gwamnati a Alausa, kusa da sakatariyar jiha, irin su na Johnson Jakande Tinubu. Ki dafa abincinki ki zuba a kula, ki ɗauki tabarma da ruwan sha. Abin da ke cinye kuɗin fita ba ƙofa ba ce, ciye-ciyen wurin ne.

Wurin da na fi so ku je, in asusu ya ɗan yi nauyi, shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, a cikin tsibirin Legas. An buɗe shi tun 1957. Akwai kayan tarihi na Binin da na Nok da sauransu, amma abin da zai tsayar da ku mota ce baƙa, ƙirar Marsandi, wadda aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan. Tana nan da hujojin harsashi a jikinta. Ranar da na kai babban ɗana, yana aji uku a firamare, ya tsaya a gabanta bai ce komai ba. Can sai ya laluba aljihu ya ciro naira 20 da na ba shi ta sayen alawa, ya dubi hoton da ke jiki, ya dubi motar, ya ce, "Umma, shi ne?" Na ce shi ne, Bakano ne, a Kano aka binne shi. Ya ce, "To me ya sa ba su da masu gadi?" Tambayar nan ta bi mu har gida, babansa ya kwana yana ba shi labari. Yau yana da nasa 'ya'yan, amma bai manta ranar ba. Kuɗin da muka kashe bai kai na kazar miya ba.

Kuna fitowa daga nan, ga dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya a daren 1 ga Oktoban 1960, wata biyu bayan taku Nijar ta karɓi nata 'yancin ranar 3 ga Agusta. Ki gaya wa yaron haka, ya san ƙasashensa biyu sa'o'in juna ne. In azahar ta same ku a can, babban masallacin Legas yana titin Nnamdi Azikiwe da hasumiyoyinsa huɗu, kuma ba nisa da shi akwai masallacin Shitta-Bey da aka buɗe tun 1894, ƙarami ne amma gininsa abin kallo. Sai dai wajen tsakiyar kasuwa ne, Balogun da Idumota, turmutsitsin ba na wasa ba ne. Ƙaramar ki goya ta, babban kuma hannunsa kada ya bar na babansa, a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu. Kafin ku tashi daga gida ya bincika ko gidan tarihin yana buɗe a ranar. A Marina kuma akwai ɗaya jirgin, Shuɗin Layi, mai aiki da lantarki, wanda ya fara a 2023. Yana tafiya a sama ya tsallaka ruwa ya wuce ta gefen babban gidan wasan ƙasa na Iganmu zuwa Mile 2. Gandun dajin Lekki mai birai da gadar igiya mai tsawon mita 401, da Badagry inda aka riƙa lodin bayi, waɗannan ku bar su sai yara sun ƙara tasawa.

Tekun kuwa za ku koma, in sha Allah, amma ina da gargaɗi kuma ba da wasa nake ba. Ruwan Legas ba gulbin Maraɗi ba ne. Igiyarsa tana ja ta ƙasa, tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum, kuma ta ci manya masu ji da iyo. Yara su tsaya inda kumfa ke ƙarewa, hannunsu a naku. Kada ki juya wa ruwan baya don ɗaukar hoto da yaro a gefenki. Lokacin damina, musamman Yuni da Yuli, ku haƙura da shi gaba ɗaya. A hanya kuma ku hau mota a tasha, kada ku tsayar da wadda ba ku sani ba a bakin titi, saboda 'yan wan-cans, ɓarayi masu shigar direba da fasinja. Ku dawo gida kafin magariba.

Akwai wata magana da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa, tunda ku baƙi ne a ƙasar. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Ƙungiyar ta sanar cewa 'yan ƙasar za su ci gaba da shiga da zama ba tare da biza ba har sai an ji wani sabon bayani, amma wannan ba dalilin sakaci ba ne. Kun ga yadda aka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulki, mutane suka maƙale watanni. Takardunku na shaida, naki da nasa, da takardun haihuwar yara, su zauna a leda ɗaya a wuri ɗaya, a ɗauki hotonsu a waya. In za ku yi nisa da unguwa ya ɗauki nasa a aljihu. Babban yaron kuma lokacin makaranta ya yi. Ku sa shi, ya haɗa da allo. Cikin wata shida za ki ji yana yi miki tafinta a kasuwa, ke ma ki riƙa tsintar Turancin daga littafinsa. Wadda ta iya karatun Faransanci, baƙaƙen ba za su ba ta wuya ba.

In kin bi duk wannan a hankali ya ce shi dai a'a, to kada ki yi ta ja da shi ke kaɗai. Ki nemi babba da yake jin nauyinsa, malamin islamiyyar ko matar maigidansa na abbatuwa, a yi masa magana cikin sirri. A tuna masa cewa ranar idi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya ya kare Nana A'isha da jikinsa tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci, bai gusa ba sai da ita da kanta ta ce ya ishe ta. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Wanda ya fi kowa nauyin al'umma a kansa ya sami lokacin wannan.

Kukan da rashin barcin su ne suka fi damuna a duk saƙonki. Kaɗaici ciwo ne, kuma yana kama matan da aka kai nesa da gida fiye da yadda ake faɗa. Ina sa ran islamiyya da maƙwabta da ɗan motsawa za su sauƙaƙa shi. Amma in kin ga an ɗau makonni abin bai ragu ba, abinci ya fita ranki, ko kin fara jin yaran ma sun yi miki nauyi, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya a asibitin da kike kai rigakafi, ki gaya mata ƙarara kamar yadda kika gaya mini. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana samun taimako. Shi ma baban yara ki gaya masa. Mai yiwuwa bai san kina kuka ba, tunda a gajiye yake shigowa ya tarar an share hawaye an ajiye tuwo.

Komawa gida kuwa, ban hana ki ba, amma ki je ganin gida, kada ki je da fushi. In kin tafi yanzu a kan wannan rikici, labarin da zai zauna a Maraɗi shi ne an hana ta yawo ta yi yaji, kuma shi za a riƙa ba 'ya'yanki. Ku sa lokaci, ko bayan azumi ko hutun makaranta, ku tara kuɗin mota, ki je ki yi wata guda ki dawo.

Kafin tafiyar ina so ki yi abu ɗaya. Lokacin da aka fara kai ni Bar Beach, wanda yanzu an cike shi da yashi an gina Eko Atlantic a kansa, na ɗebo ruwan a wata 'yar gora na ajiye har ranar da na je Katsina. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ganin teku ba. Ta zuba kaɗan a tafin hannu ta lasa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Ashe da gaske ne gishiri ne." Ta kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya kowa ya ɗanɗana, gorar nan ta shekara a kan kantarta. Ranar da kuka koma bakin ruwan, ki ba yaron gora ya cika da hannunsa, babansa na riƙe da shi, ku tsinto 'yan bawon katantanwar teku ku haɗa. Ki sa a cikin tsarabar Inna tare da goron Agege, ki bar jikanta ya miƙa mata ya ba ta labarin yadda ruwan ya biyo shi da gudu.

Ki rubuto mini bayan kun hau jirgin. Ki gaida yaran.

Gwaggonki